Yadda Yara Ke Koyon Aikin Maza da Aikin Mata

A ƙasarmu babu ajin da ake shiga domin a koya wa yaro cewa daka da tankaɗe na mata ne, huɗa da kiwon shanu kuwa na maza. Ba a rubuta wannan darasi a allo, ba a kuma yin jarrabawarsa a ƙarshen zango. Amma kafin yaro ya cika shekara shida, watau kafin ya sa ƙafa a aji ɗaya na firamare, ya riga ya riƙe shi fiye da yadda zai riƙe jadawalin lissafi. Idan ka tambayi ɗan shekara biyar a Taura, ko Majiya, ko Kwalam, ka ce masa, "Wa ke tuƙa tuwo a gidanku, Baba ko Inna?" zai dube ka ya yi dariya, gama a wurinsa wawa kaɗai ke yin irin wannan tambaya. To, wa ya koya masa, kuma yaushe? Abin da muke so mu duba ke nan tare da ɗalibai da iyaye a waɗannan shafuka.

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna manyan hanyoyi biyu. Ta fari ita ce gani da kwaikwayo. Ta biyu ita ce abin da ke biyo bayan aikin da yaro ya yi, ko yabo da murmushi da 'yar kyauta, ko kuwa tsawa da harara da dariya. Mutane da yawa sukan haɗa su wuri ɗaya, amma a ganinmu aikinsu dabam-dabam ne. Ido yana koya wa yaro kome da kome, aikin uwa da na uba duka. Bakin mutane ne ke zaɓar masa wanda zai yi a fili da wanda zai ɓoye a cikinsa.

Bari mu fara daga ranar haihuwa. A al'adar Hausawa ta dā, guɗa ce ke sanar da maƙwabta abin da aka samu: sau uku namiji, sau huɗu mace. Jariri bai san kome ba tukuna, amma mutanen gida sun riga sun san yadda za su riƙe shi. Ba a daɗewa sai a huda wa 'ya mace kunne, a sa mata warwaro. Kaka kuma tana da nata rabon. Jikanta namiji shi ne "mijina" ko "angona", kullum tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Jikanyarta kuwa "kishiya" ce, ana yi mata ba'a wai miyarta ba gishiri. Kowa ya san wasa ne, mu ma da shi muka tashi, muna kuma ƙaunarsa. Amma ta cikin wasan nan ɗan shekara uku ya riga ya ji cewa miji ne ke kawo cefane, mace kuwa da miya ake auna ta.

Sa'an nan sai wasan yara da kansu. Yarinya ta ga uwarta da goyo, sai ta ɗauki 'yar tsana, in babu ma ta ɗauki totuwar masara, ta ɗaura a baya da ɗan tsumma. Ta jera duwatsu uku, ta ɗora gwangwanin tumatir, ta tuƙa tuwon ƙasa. Ɗan'uwanta yana can yana ƙera mota da karan dawa, ko ya hau kara ya ce doki ne. Babu wanda ya umarce su. Amma mu lura da abin da manya ke yi in sun gilma. Ana ce wa yarinyar, "Sannu uwargida, a ɗiba mana!" Shi kuma, "Direba, ina muka nufa?" In kuwa yaron ne ya goya 'yar tsanar, sai a ji, "Kai, ajiye! Kai mace ne?" In yarinyar ta hau bishiya ko ta yi fito, sai a ce, "Ke ba ki san ke mace ba ce? Sauko ki zauna da kyau." Wannan 'yar magana ba ta ɗaukar minti ɗaya, mai yin ta ma yakan manta nan da nan. Yaron ne ba ya mantawa, musamman da yake zai ji irinta sau ɗaruruwa kafin ya girma.

A dā, sa'ad da yaro ya kai shekara shida ko bakwai, akan kira wanzami da hunturu a yi masa kaciya tare da tsaransa, wanda bai yi kuka ba kuwa shi ne jarumi. Yanzu da yawa ana yi musu tun suna jarirai, amma abin da ke biyo baya bai sake ba. Daga wannan shekaru ake fara korar yaro daga bakin murhu: "Me kake yi a cikin mata?" Sai ya koma zaure, da gona, da kasuwa. Yarinya kuwa a ɗaura mata ƙanenta na gaske a madadin 'yar tsana.

Cikin masu tsawa duka, babu kamar tsara. Uwa takan yi haƙuri da ɗanta in ya taya ta wanke-wanke, har ta ji daɗi a ranta. Amma in abokansa suka leƙo suka gan shi da tukunya, suka kira shi ɗan daudu, to, ya bar tukunyar ke nan, mai yiwuwa har abada. A Amurka ma, wani bincike da Judith Langlois da Chris Downs suka buga a 1980 ya nuna iyaye maza sun fi iyaye mata tsanani a kan irin kayan wasan da ɗa namiji zai taɓa. Akwai kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi. Yarinyar da ta yi aikin maza wani lokaci ana yaba mata, a ce ai wance kamar namiji take, ko a ce kallabi ce tsakanin rawuna. Ba mu taɓa jin an yabi yaro da cewa kamar mace yake ba. Yara ba kurame ba ne. Daga nan suke gane cewa aikin nan biyu ba a ɗauke su da daraja ɗaya ba.

Wanda ya fi shahara wajen binciken koyo ta hanyar gani shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka. A 1961 shi da abokan aikinsa suka ɗauki yara 72, maza 36 mata 36, 'yan shekara uku zuwa kusan shida. Aka sa waɗansu suka ga wani babba yana dūkan wani mutum-mutumin roba da ake hura wa iska, mai suna Bobo, wanda in an ture shi yakan sake miƙewa. Da aka bar yaran su kaɗai da Bobo, waɗanda suka ga dūka suka dake shi, har da irin salon da suka gani. Maza sun fi mata dūka, sun kuma fi bin misalin namiji.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai shi ke nan, namiji da faɗa aka haife shi. Amma Bandura ya sake wani gwaji a 1965, kuma shi ne ya fi amfani ga zancenmu. Wannan karon yara 66 suka kalli majigi. Kashi ɗaya suka ga an yaba wa mai dūkan Bobo an ba shi alewa, kashi na biyu suka ga an yi masa faɗa an hore shi, kashi na uku ba su ga an yi masa kome ba. Waɗanda suka ga horo suka ja da baya, 'yan mata kuwa sun fi kowa ja da baya. Daga nan sai aka ce wa yaran duka, duk wanda ya nuna abin da ya gani za a ba shi lemo da ɗan hoto mai kyau. Nan take bambancin da ke tsakanin kashi uku ɗin ya ɓace, ratar da ke tsakanin maza da mata kuma ta ragu ƙwarai. Ashe 'yan matan sun ga kome, sun riƙe kome. Abin da ya hana su yi tun farko shi ne sanin da suka yi cewa ba a son mace da haka.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga wannan. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wasan tashe da yara ke yi da dare daga goma ga watan azumi. Cikin tashen 'yan mata akwai na Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya ke sa riga da hula ta zama maigida, ɗaya kuma ta zama amarya, sauran suna koya mata yadda za ta kai masa ruwa da abinci da ladabi. Darasin aure ne a fili. Amma a duba yarinyar da ta zama Daudu, yadda take zama, da gyaran murya, da ɗaure fuska. Ba ta kuskure ko ɗaya. Haka kuma yaran da ke ɗaura zane su kwaikwayi mata domin a yi dariya, sun san yadda ake rausaya da yadda ake riƙe muciya. Kowane yaro yana ɗauke da littafi biyu a kansa, ɗaya kawai aka yardar masa ya buɗe.

A tsakiyar shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano ta bi rayuwar yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta buga sakamakon a 1978. Ta ga cewa ƙananan yara, maza da mata, su kaɗai ne ke da 'yancin shiga ko'ina, cikin gida wurin mata da waje wurin maza. Su ne 'yan aike, su ne masu kai talla, da su matar da ke kulle take gudanar da sana'arta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Da girma ya zo sai ƙofofi su fara rufewa. Saurayi ba ya ƙara shiga gidan mutane sai da izini, budurwa kuma in ta yi aure titi ya fita daga hannunta. Ribar talla, a gidaje da yawa, ita ake tarawa a sayi kayan ɗaki. A nan ne muke ganin ƙarfin lada. Yarinyar da ta sayar da ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa ta dawo da faranti wayam, a ranar za a sa mata albarka, ta kuma ga kwanon da aka saya da guminta. Wadda ta ci tara cikin goma a lissafi, sau da yawa babu wanda zai buɗe littafin ya gani. Lada ɗaya ta yau ce, ɗayar kuwa sai bayan shekara goma ko fiye. Ba abin mamaki ba ne yarinya 'yar shekara tara ta zaɓi ta yau.

Wani zai ce ai haka aka halicce mu, kowa da aikinsa. Muna roƙonsa ya bi mu kasuwar Gujungu, wadda ke ci ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada. Wa ke soya ƙwai ya dafa taliya a teburin shayi? Namiji. Wa ke gasa tsire da balangu? Namiji. Wa ke zaune a kan keken ɗinki? Wa ke tura kurar jarkoki yana sayar da ruwa? Wa ke wanki da guga a cikin gari? Duk maza ne. Dafuwa, da ɗinki, da ɗebo ruwa, da wanki, su ne ayyukan da za a yi wa yaro dariya a kansu a tsakar gida. Da zarar an fitar da su bakin titi an sa musu kuɗi, sun zama sana'ar maza. Hannun ɗaya ne, tukunyar ma ɗaya ce.

Noma ma haka yake. A garuruwa da yawa na ƙasar Kano da Jigawa abin kunya ne a ga matar aure da fartanya. Amma a gidajen Maguzawa, inda iyayen waɗansunmu suka fito, mace tana noma gandu tare da mijinta, tana kuma da gayaunarta da rumbunta. Jerome Barkow ya rubuta wannan bambanci a 1972 bayan ya zauna a ƙauyukan ƙasar Zazzau. A rugar Fulani kuwa nono da man shanu na mace ne, ita ke kai su kasuwa, kuɗin ma nata ne. Har wa yau M. G. Smith, mijin Mary Smith wadda ta rubuta tarihin Baba ta Karo da aka buga a 1954, yana ganin cewa bayan an hana bauta a farkon mulkin Turawa ne mata da yawa suka janye daga gona, gama a dā noma aikin bayi mata ne, zaman gida kuwa alamar 'ya ce. Idan haka ne, abin da muke kira al'adar kaka da kakanni, a waɗansu wurare bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba.

Akwai wani bincike daga Kenya da muke so iyaye su ji. Carol Ember ta yi aiki a cikin ƙabilar Luwo, ta buga abin da ta gani a 1973. A can reno da dafuwa da shara aikin 'ya'ya mata ne, amma gidan da babu babbar 'ya mace, tilas a ɗora wa ɗa namiji. Ta lura cewa yaran da suka yi irin wannan aiki na cikin gida ba su kai sauran maza neman faɗa da son mulkar tsaransu ba. Aikin da aka ba yaro yana gyara halinsa. Mu ma mun san irinsu a nan. Gidan da aka jera maza huɗu ko biyar kafin a sami mace, 'ya'yan sukan iya tuwo da miya, ba mu kuma ga ya rage musu kome ba. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna Yakubu ya iya dafuwa, Rahila kuma kiwon tumakin ubanta take yi sa'ad da ya fara ganinta.

Kada mu wuce gona da iri. Ba mu ce yaro farar takarda ne da za a rubuta masa abin da aka ga dama ba. Jiki yana da nasa rabo, kowane yaro kuma da halin da ya zo da shi, kamar yadda duk uwar da ta haifi biyu za ta shaida. Lawrence Kohlberg ya nuna a 1966 cewa yaro ba ya zama yana jiran a tura shi. Da ya gane, wajen shekara biyu zuwa uku, cewa shi namiji ne ko ita mace ce, da kansa yake baza ido yana neman abin da irinsa ke yi. Wani gwaji da David Perry da Kay Bussey suka buga a 1979 ya ƙara haske: yaro ba mutum ɗaya yake bi ba, ƙirga yake yi. In ya ga yawancin maza suna yin abu, yawancin mata ba sa yi, sai ya sa shi a jerin na maza. Saboda haka likita mace guda ɗaya da aka gani sau ɗaya ba ta isa ta sake lissafin ba. Sai an ga da yawa, an kuma yi ta gani.

A kan wannan Taura tana da abin faɗa. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, dukansu na maza. Sai a 1981 aka buɗe ta 'yan mata ta fari, aka kuma kafa ta a nan Taura, daga baya aka ƙara ta Jahun. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, makarantun nan biyu suka faɗo cikinta. Amfanin irin wannan makaranta ya wuce na waɗanda suka zauna a azuzuwanta. Yarinyar da ke talla a bakin hanya ta ga motoci suna sauke ɗaruruwan 'yan mata ranar komawa hutu, ta ji an ce kimiyya suke karantawa, ta ga waɗansu sun dawo suna aikin asibiti ko koyarwa. Ƙirgar da take yi a ranta ta fara sakewa. A zamanin Gwamna Sule Lamido, 2007 zuwa 2015, gwamnati ta ɗauke wa 'ya'ya mata kuɗin makaranta. Wannan ya rage nauyi a aljihu. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida ta ce wa zai wanke kwanoni da yamma sa'ad da ɗan'uwa ke bitar darasi. Yarinyar da ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi reno, a lokacin kaka ma ta zauna ɓarar zoɓo har duhu, sa'an nan ta zo aji tana gyangyaɗi, sai a rubuta mata a katin sakamako cewa ba ta mai da hankali.

Makarantu da majami'u ma wuraren kallo ne. Ɗalibi yana lura da wanda aka ba shugabancin aji da wadda aka ba tsintsiya. Yana lura da wanda malami ke jira ya gama tunani in ya yi tuntuɓe a amsa, da wadda ake ce wa zauna a kira wani. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya kawo darasin fasaha da na tattalin gida a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa sai aka tura maza wurin zarto da guduma, mata wurin allura da tukunya, ba tare da an tambayi kowa ba. A majami'a kuma, ranar babban taro, yara suna ganin wa ke zaune a gaba, wa ke bayan gini cikin hayaƙi tun asuba. Ba mu ce a rushe zumuntar mata ko ta maza ba. Muna cewa dai ƙananan idanu suna nan suna ƙirga.

Kada kuma a ɗauka 'ya mace kaɗai ke hasara. Saurayin da ya tafi karatu Dutse, ko Kano, ko Zariya bai iya dafa ko shinkafa ba, rabin kuɗin guzurinsa a wurin mai abinci yake ƙarewa. Magidancin da matarsa ta kwanta asibiti, yaransa sukan kwana da gari da ƙuli, alhali ga hatsi a rumbu. Wanda aka hana kuka tun yana ɗan shekara bakwai, yakan girma bai san yadda zai faɗi damuwarsa ba sai ta hanyar fushi.

Abin da ya fi ba mu mamaki a nan makarantar kwana muke ganinsa. A ɗakin kwanan maza babu 'yar'uwa, babu uwa. Yaron da bai taɓa riƙe tsintsiya a gida ba, cikin mako biyu ya iya shara, da wanki, da guga, da ɗinke maɓalli, har ana ba ɗakinsu kofin tsabta ranar Asabar, suna ta murna. Babu mai yi masa dariya, domin kowa yi yake. Ranar da aka ba da hutu ya sauka daga mota a ƙofar gidansu, sai ya miƙa wa ƙanwarsa jakar kayan dauɗa, ita kuma ta karɓa ba tare da ta ce uffan ba.